Ajantina: Hannunka Ba Ya Ruɓewa Ka Yanke Ka Yar



Ranar Talata, 20 ga Disamba, 2022, wata doguwar mota mai buɗaɗɗen sama ta taso daga sansanin horon 'yan wasa da ke Ezeiza, a bayan birnin Buenos Aires, ɗauke da 'yan ƙwallon Ajantina da kofin duniya da suka ciwo a Ƙatar kwana biyu kafin nan. Niyyarsu su kai kofin tsakiyar gari jama'a su gani. Motar ba ta isa ba. Ta shafe sa'o'i tana tafiyar hawainiya, domin titi ya cika, gadoji sun cika, mutane sun ɗare bishiyoyi da turakun lantarki. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 4 zuwa 5 ne suka fito a ranar, a ƙasar da gaba ɗayanta miliyan 46 ce. Wato kusan mutum ɗaya cikin kowane goma na kan titi. Daga ƙarshe sai da aka sauke 'yan wasan aka zuba su a jirage masu saukar ungulu, suka yi shawagi a saman jama'a.

To ga abin da ya sa na ɗauko wannan zance. A wannan shekara ta 2022, farashin kaya a Ajantina ya tashi da kusan kashi 95 cikin ɗari. Abin da magidanci ya saya dubu ɗaya a watan Janairu, a Disamba sai ya ba da kusan dubu biyu. Kusan mutum 4 cikin 10 na cikin talauci. A shekarar da ta biyo baya hauhawar ta haura kashi 200. Daga 1970 zuwa 1992 sau huɗu ana canza kuɗin ƙasar, har aka goge sifili 13 daga jikinsa. A Disambar 2001 gwamnati ta kulle wa mutane ajiyarsu a bankuna, jama'a suka fito da tukwane suna bugawa, shugaban ƙasa Fernando de la Rúa ya fice daga fada cikin jirgi mai saukar ungulu, aka yi shugabanni biyar cikin mako biyu. Wannan fa ƙasa ce da a farkon ƙarni na 20 ake lissafa ta cikin goma mafi arziki a duniya. Duk da haka da wuya ka sami mutanen da ke ji da ƙasarsu kamar su. Ɗan Ajantina zai zauna ya zazzage ƙasarsa tas, daga shugaba har ɗan sandan kan titi, amma kai baƙo kada ka kuskura ka sa baki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in ji Bahaushe. Ina wannan kishi ya samo tushe, kuma wa ya ke da shi?

Mu dai a filin ƙwallo muka san su, sani na haƙiƙa. Sau biyar Najeriya na haɗuwa da su a gasar kofin duniya, a 1994 da 2002 da 2010 da 2014 da 2018, duka biyar ɗin suka yi galaba, ko da yake Ahmed Musa ya zura musu biyu a 2014. Wasan Maradona na ƙarshe da rigar ƙasarsa da Najeriya ya buga shi, a 1994. Mu ma muna da ranarmu: Atlanta, 1996, wasan ƙarshe na Olamfik, uku da biyu, Babayaro da Amokachi da Amunike. 'Yan'uwanmu na Kamaru kuma ba za su manta da Milan a 1990 ba, lokacin da Omam-Biyik ya sa musu ɗaya da ka. Sai dai ƙwallo ƙofar gida ce kawai. Mu shiga daga ciki.

Idan kun lura da 'yan wasansu suna saukowa daga mota, za ku ga kowa da ɗan ƙoƙo a hannu da filas a hammata. Abin da ke ciki shi ake kira mate. Ganye ne da ake nomawa a arewa maso gabashin ƙasar, a lardunan Misiones da Corrientes, a busar da shi, a daddaka, a cika ƙaramin duma da shi, a zuba ruwan zafi, a zuƙa da ɗan bututun ƙarfe mai rariya a gindi. Ɗaci gare shi. An ruwaito cewa tawagar da ta je Ƙatar ta tafi da kusan kilo 500 na ganyen. Abin sha'awar yana cikin ladabin shansa. Mutum ɗaya ne ke haɗawa, shi zai fara shan na farko wanda ya fi ɗaci, sannan ya sake cikawa ya miƙa wa na kusa da shi. Wanda aka miƙa wa ya shanye ya mayar, a cika a ba na gaba. Ƙoƙo ɗaya, bututu ɗaya, da maigida da ɗan aiki, da malami da ɗalibi. Ba a cewa an gode sai in mutum ya ƙoshi, yana so a tsallake shi. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar shayi a Agadas ko Damagaram ko Kano, ana jiran zagaye na biyu ana hira, ya san cewa ba ruwan zafin ne ya tara mutane ba. Fafaroma Francis, wanda haifaffen Buenos Aires ne, 'yan ƙasarsu sun sha miƙa masa ƙoƙon mate a dandalin Vatikan, ya karɓa ya zuƙa. Siriya ce kan gaba wajen sayen wannan ganye daga Ajantina, saboda Larabawan da suka je ci-rani can suka koma gida da al'adar.

Ku riƙe wannan a rai: mate gadon mutanen Guaraní ne, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. Za mu dawo kansa.

Bayan mate, alama ta biyu ita ce gaucho, makiyayi mai doki na faffaɗan filin ciyawa da suke kira pampa. Ajantina ƙasar shanu ce, sun haura miliyan 50, sun fi mutanen ƙasar yawa, kuma gashin nama na ranar Lahadi, asado, shi ne taron dangi. A 1872 José Hernández ya wallafa doguwar waƙarsa mai suna Martín Fierro, labarin makiyayin da hukuma ta kama ta tura bakin daga da ƙarfi, ya dawo ya tarar gidansa ya watse. A zamanin da aka rubuta ta, manyan birni kallon ɗan daji mara wayewa suke wa gaucho. Sai da aka kakkafa wa filayen shingen waya, rayuwarsa ta kusa ƙarewa, baƙi suka cika birane, sannan aka ɗauko shi aka ce shi ne ainihin ɗan ƙasa. A yanzu ranar haihuwar Hernández, 10 ga Nuwamba, ita ce ranar al'adun gargajiya.

Su wane ne baƙin? Tsarin mulkin 1853 ya umarci gwamnati ƙarara da ta jawo 'yan ci-rani daga Turai. Suka kuwa kwararo, miliyoyi, akasari daga Italiya da Sifaniya. A ƙidayar 1914, kusan mutum 3 cikin 10 na ƙasar a waje aka haife su, a Buenos Aires kuwa kusan rabi. Shi ya sa sunayen suke haka: Messi, Di María, Bergoglio (wato Fafaroma Francis). Akwai Yahudawa daga gabashin Turai, akwai Larabawan Siriya da Labanan waɗanda har yau ake wa laƙabi da turco, domin da takardun Daular Usmaniyya suka shigo. Carlos Menem, wanda ya mulki ƙasar daga 1989 zuwa 1999, iyayensa Musulmi ne 'yan Siriya, kuma a zamaninsa aka ba da filin da aka gina cibiyar Musulunci ta Sarki Fahad a Buenos Aires, wadda aka buɗe a 2000. Abin da ya ɗinke 'ya'yan waɗannan mutane ya zama al'umma guda makaranta ce. Dokar 1884 ta sa karatun firamare ya zama kyauta kuma tilas, daga baya aka sa wa kowane yaro farar riga iri ɗaya a kan kayansa, don kada a gane ɗan mai kuɗi da ɗan lebura. A 1949 aka mai da karatu a jami'o'in gwamnati kyauta. Ƙasar na da masu lambar Nobel biyar, uku a fannin kimiyya. Da aka taɓa kuɗin jami'o'i a 2024, dubban ɗaruruwa suka fito titi a watan Afrilu, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa shiga aji a jami'a ba. A ganina wannan alfahari ne mai dalili.

Amma akwai inda labarin jiragen ruwan da suka kawo baƙin nan ke yi mini ciwo, kuma na san zai yi wa duk baƙar fata. A watan Yunin 2021, shugaban ƙasa na lokacin, Alberto Fernández, yana tare da firaministan Sifaniya, ya maimaita wata tsohuwar magana da ke yawo a bakin mutanensu, cewa 'yan Meziko daga jajayen Indiyawa suka fito, 'yan Barazil daga kurmi, su kuwa daga jiragen ruwan Turai. Duniya ta yi masa ca, ya nemi afuwa. Sai dai abin da ya faɗa shi ne abin da aka daɗe ana koya wa yara. To ina mutanen da aka tarar? Tsakanin 1878 da 1885 Janar Julio Roca ya jagoranci yaƙin da aka raɗa wa suna cin hamada, alhali ƙasar Mapuche da Tehuelche ce, da mutane a cikinta. Aka kashe dubbai, aka kwashe mata da yara aka raba wa gidajen masu hali su yi bauta, aka yanka miliyoyin kadada aka ba 'yan tsiraru. Sai a gyaran tsarin mulki na 1994 aka rubuta cewa waɗannan al'ummu sun riga ƙasar kanta wanzuwa. Ƙoƙon maten da kowa ke tinƙaho da shi na Guaraní ne, ɗaya daga cikin waɗannan al'ummu.

Akwai kuma wasu jiragen ruwan da ba a so a ambata, waɗanda suka zo daga gaɓar Afirka. A ƙidayar 1778, kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna Buenos Aires baƙaƙe ne, bayi da 'yantattu. Su ne masu wanki a bakin kogi, su ne maƙera da masu burodi, su ne kuma aka jera a sahun gaba a yaƙe-yaƙen neman 'yanci bayan 1810. Rundunar da Janar José de San Martín ya tsallaka tsaunukan Andes da ita a 1817 don 'yantar da Chile cike take da sojoji baƙaƙe. Yaƙi ya ci maza, annobar shawara ta 1871 ta yi ɓarna a unguwannin talakawa, auratayya da ambaliyar Turawa suka shanye sauran, hukuma kuma ta daina ƙirga su a matsayin baƙaƙe. Har ta kai ɗan Ajantina na iya ce maka da zuciya ɗaya babu baƙar fata a ƙasarsu. Amma ganga ba ta ƙarya. Tango, kiɗa da rawar da duniya ta san su da ita, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2009, a unguwannin talakawa na bakin tashar jiragen ruwa aka haife ta, kuma a jininta akwai candombe, kiɗan gangunan baƙaƙe.

Bari in ba ku labarin mace guda. Sunanta María Remedios del Valle, baƙar fata ce 'yar Buenos Aires. A 1810 ta bi rundunar arewa tare da mijinta da 'ya'yanta biyu maza. Duka ukun suka mutu a yaƙi, ita ta ci gaba. Tana jinyar masu rauni, tana ɗaukar makami in ta kama. Janar Manuel Belgrano, mutumin da ya ƙirƙiro tutar ƙasar mai shuɗi da fari a 1812, shi ya ba ta muƙamin kyaftin. A 1813, bayan an ci su da yaƙi a Ayohuma, sojojin Sifaniya suka kama ta da raunin harsashi, suka yi kwana tara suna yi mata bulala a bainar jama'a. Ta tsira. Sojoji suna kiran ta uwar ƙasa. Bayan an sami 'yanci fa? Aka same ta tana bara a ƙofofin coci-coci na Buenos Aires, tana nuna tabon jikinta, mutane na ɗaukar ta mai taɓin hankali, har sai da wani janar da suka yi yaƙi tare, Juan José Viamonte, ya gane ta a titi, ya kai maganarta majalisa aka yanka mata fansho. Ta rasu ranar 8 ga Nuwamba, 1847, aka manta da ita fiye da shekara ɗari. A 2013 majalisa ta mai da ranar rasuwarta ranar baƙaƙen Ajantina. A 2024 aka fitar da takardar kuɗi ta peso 10,000 ɗauke da fuskarta kusa da ta Belgrano. A ƙidayar 2010 mutum kusan 150,000 ne suka ce su jinin Afirka ne, a ta 2022 sun haura 300,000. Ba haihuwa ce ta ninka su haka ba. Mutane ne suka daina ɓoye kakanninsu.

Yanzu sai mu zo ga sojoji, domin nan ne aka gwada kishin ƙasar nan a wuta. Ranar 24 ga Maris, 1976, soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Janar Jorge Videla, da sunan ceton ƙasa. Aka shiga ɗauke mutane cikin dare: ɗalibai, 'yan ƙwadago, 'yan jarida, lauyoyi, limaman coci. Ba kotu, ba gawa, ba kabari. Wasu allurar barci aka yi musu aka jefo su daga jirgin sama cikin teku. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwar sojojin ta tattara sunaye kusan 9,000, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma sun ce adadin ya kai 30,000.

Ana cikin haka Ajantina ta karɓi baƙuncin gasar kofin duniya ta 1978, ta kuma cinye, uku da ɗaya a kan Holan, Videla da kansa ya miƙa kofin. Tsakanin filin wasan da makarantar sojan ruwa ta ESMA, inda aka tsare mutum kusan 5,000 aka kashe akasarinsu, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Waɗanda suka tsira sun ba da shaidar cewa suna ɗaure suna jin sowar 'yan kallo. Ina roƙon masu sauraro su tsaya su auna wannan. Tuta ɗaya ce ake kaɗawa a filin, ita ce kuma ke kan ginin da ake azabtar da 'ya'yan mutane.

Waɗanda suka ƙi yin shiru mata ne. Ranar 30 ga Afrilu, 1977, iyaye mata 14 suka tsaya a dandalin Plaza de Mayo, gaban fadar gwamnati, suna tambayar ina 'ya'yansu. Doka ta hana taro, 'yan sanda suka ce su yi gaba, sai suka kama hannun juna bibbiyu suka shiga zagaya dandalin. Daga nan ya zama kowace Alhamis. Suka ɗaura farin ƙyalle a ka, asalinsa tsumman jarirai ne, don su gane juna. Hukuma ta kira su mahaukata, ta ce suna ɓata sunan ƙasa a idon duniya. A Disambar wannan shekara aka sace jagorarsu, Azucena Villaflor, aka kashe ta. Alhamis ta zagayo, sauran suka koma dandalin.

Da tattalin arziki ya durƙushe, sojojin suka sake neman mafaka a bayan tuta. Ranar 2 ga Afrilu, 1982, Janar Leopoldo Galtieri, wanda ke kan mulki a lokacin, ya tura dakaru tsibiran da Ajantina ke kira Malvinas, Ingila ke kira Falkland, waɗanda ke hannun Ingila tun 1833. Dandalin da aka tarwatsa masu zanga-zanga kwana uku kafin nan ya cika da masu tafi. Kwana 74 aka yi. Sojojin Ajantina 649 suka mutu, na Birtaniya 255, da mata uku mazauna tsibirin. Da yawa daga 'yan Ajantinan samari ne 'yan shekara 18 zuwa 20 da aka ɗiba aikin soja na dole, aka jefa su cikin sanyi da yunwa, wasu ma manyansu ne suka azabtar da su. Har gobe za ka ga alluna a bakin hanya suna cewa Malvinas ta Ajantina ce, yana cikin tsarin mulkinsu, ko da yake mazauna tsibiran sun kaɗa ƙuri'a a 2013 kusan dukkansu suka zaɓi zama da Birtaniya. Wannan rauni ne Maradona, ɗan unguwar marasa galihu ta Villa Fiorito, ya shiga fili da shi ranar 22 ga Yuni, 1986. Ƙwallon farko da hannu ya sa ta, maguɗi ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Minti huɗu bayan haka ya ɗauko ta daga tsakiyar fili ya yanke 'yan Ingila biyar ya sa ta biyu. Wanda bai san 1982 ba, ba zai gane abin da ya sa manyan mutane suka yi kuka a ranar ba.

Amma in aka tambaye ni ranar da ta fi cancanta ɗan Ajantina ya ɗaga kai, zan ce a 1985 take. Shekara biyu kacal da komawa mulkin farar hula ƙarƙashin Raúl Alfonsín, bindigogi na hannun sojoji har lokacin, kotun farar hula ta gurfanar da shugabannin mulkin sojan, shaidu fiye da 800 suka yi bayani, aka yanke wa Videla ɗaurin rai da rai. Mu da muka ɗanɗani mulkin soja a Najeriya da Nijar mun san nauyin wannan abu. Hanyar ba ta miƙe ba, domin Menem ya yi musu afuwa a 1990. Iyaye matan nan ba su bar dandali ba, aka soke dokokin kariya, aka sake buɗe shari'o'i, aka hukunta fiye da mutum 1,000. Videla a kurkuku ya mutu, a 2013.

Saura jikoki. An ƙiyasta jarirai kusan 500 ne aka haifa a tsare ko aka sace tare da iyayensu, aka ba wasu gidaje suka raine su da sunayen ƙarya. Kakanni mata suka kafa tasu ƙungiya, suka matsa har aka kafa ma'ajiyar gwajin jini ta ƙasa a 1987, suka bar jininsu a can ko da za su mutu kafin a dace. Zuwa yanzu an gano fiye da 130. Shugabarsu, Estela de Carlotto, tsohuwar malamar makaranta ce. An sace 'yarta Laura a 1977 da ƙaramin ciki. Ta haihu a tsare cikin watan Yunin 1978, watan da ƙasa ke shagalin kofin duniya, aka ƙwace jaririn bayan 'yan sa'o'i, aka kashe ta bayan wata biyu. Estela ta yi ta nemo jikokin wasu tana miƙa musu, nata shiru.

Gab da gasar 2014, Messi da wasu abokan wasansa suka tsaya tare da ita aka ɗauki hoto, riƙe da ƙyallen da ke kira ga duk mai shakkar asalinsa ya zo a gwada. A wani gari mai suna Olavarría akwai wani makaɗi ɗan shekara 36 da ya ji wata magana game da haihuwarsa, ya kai kansa aka ɗebi jininsa. Ranar 5 ga Agusta, 2014, alƙaliya ta kira Estela ofishinta ta shaida mata. Tana da shekara 83. Shi ne jika na 114 da aka gano, kuma washegari ta rungume shi.